Labarin Ciwon Sukari Na Yara Da Masu Neman Maganinsa

Ciwon sukari iri biyu ne, ya kamata ku 'yan makaranta ku rarrabe su tun da fari. Akwai wanda yakan zo wa manya sannu a hankali, wannan ba shi ne abin zancenmu ba yau. Akwai kuma wanda yakan auka wa yara da samari farat ɗaya, shi likitoci ke kira iri na ɗaya. Yaro yana zamansa lafiya sai ƙishirwa ta kama shi, ya yi ta sha yana fitsari, ya ci ba ya ƙoshi, ya rame kamar sillen kara. Kafin shekarar 1922 duk yaron da ya kamu da shi, da wuya ya ƙara shekara biyu a duniya.

Mutanen da sun san alamunsa. Masu magani na ƙasar Indiya sun lura tururuwa na taruwa a kan fitsarin mai ciwon, Ibn Sina kuma ya siffanta shi a littafinsa na likitanci. A 1776 wani likitan Ingila, Matthew Dobson, ya ƙafar da irin wannan fitsari, ya ga abin da ya rage sukari ne. Amma daga ina cutar ke tasowa, wannan ya gagari kowa.

A bayan tumbin mutum akwai wata 'yar tsoka doguwa, likitoci na ce mata fankiriyas. A 1869 wani ɗalibi a Berlin, Paul Langerhans, ya duba ta da madubin likita, ya ga waɗansu ƙwayoyi a tare gungu-gungu kamar tsibirai a kogi, bai kuwa san aikinsu ba. Sai a 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare wannan tsoka a birnin Strasbourg, nan da nan kare ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka gane tsibiran nan ke yin wani sinadari wanda ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In babu shi, abinci na cikin jini, jiki kuwa na mutuwa da yunwa. To, sanin wurin abu dabam, fito da shi dabam. Aka shekara fiye da talatin ana fama, abin da likitoci suka iya kawai shi ne hana mai ciwo abinci, watau dabarar Frederick Allen na Amurka, yaro ya ƙara 'yan watanni yana ƙashi da rai.

Wanda ya taso wa al'amarin wani saurayin likita ne na Kanada, Frederick Banting, mai aikin fiɗa, wanda bai taɓa yin suna a bincike ba. Ya je wurin Shehun Malami John Macleod a Jami'ar Toronto, shi kuwa ya ba shi ɗaki da karnuka da ɗalibi ɗaya, Charles Best. Suka fara a watan Mayu 1921, cikin zafi da wari, karnuka da yawa suka mutu a hannunsu. Kafin ƙarshen Yuli suka yi wa wani kare allurar ruwan da suka tatso daga tsokar nan, sukarin jininsa ya sauka. Sai dai ruwan da dauɗa, bai isa a sa wa mutum ba. Ran 11 ga Janairu 1922 aka gwada shi a kan Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, bai yi wani amfani ba, wurin allurar ma ya yi ƙurji. James Collip, masanin haɗa magunguna wanda ya shigo aikin a Disamba, shi ya duƙufa dare da rana har ya tace shi. Ran 23 ga watan aka sake yi wa yaron allura, ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Sunan maganin insulin. A Agusta aka kawo Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin waje na Amurka, tana dab da cika shekara 15, nauyinta bai fi kilo 20 ba. Ta rayu har 1981, da 'ya'yanta da jikokinta.

A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya husata don an bar Best, ya raba rabonsa da shi, Macleod kuma ya raba nasa da Collip. Mu dai a ganinmu Collip ne aka fi tauye wa, gama ba don tacewarsa ba da ruwan nan ya tsaya a kan karnuka. Akwai kuma Nicolae Paulescu na Romaniya, wanda ya buga sakamakon irin wannan gwaji a 1921, kwamitin kyautar bai ambace shi ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne Banting da Best da Collip sun sayar wa jami'ar hakkin maganin a kan dala ɗaya ɗaya.

Banting da bakinsa ya faɗa cewa insulin ba ya warkarwa, riƙe ciwon yake yi. Mai ciwo zai yi ta allura kullum har iyakar ransa, in ta yi yawa ya suma, in ta gaza idanu da ƙoda su lalace a hankali. Shekara sittin ana tatso maganin daga shanu da aladu, sai a 1982 aka fara sayar da irin na mutum, wanda ake sa ƙwayoyin bakteriya su yi. Tun wajen 1974 kuma aka fara gane asalin cutar: dakarun da ke tsaron jiki daga cututtuka su ne ke kuskure, su far wa tsibiran Langerhans su hallaka su.

Saboda haka masu bincike suka rabu hanya biyu. Waɗansu na neman tsai da dakarun nan. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da teplizumab, wanda ke jinkirta bayyanar ciwon wajen shekara biyu ga wanda aka ga alamarsa a jini. Waɗansu kuwa na neman mai da tsibiran da suka mutu. A 2000 likitocin Edmonton a Kanada suka dasa wa mutum bakwai tsibiran da aka ɗebo daga mamata, dukansu suka bar allura, ko da yake yawancin waɗanda aka yi wa haka sun koma mata bayan 'yan shekaru. A 2025 aka ba da labarin mutum 12 da aka sa wa tsibiran da aka raina a ɗakin bincike, 10 daga cikinsu suka cika shekara ba allura. Amma dukansu dole su riƙa shan maganin danne dakarun jiki, wanda ke buɗe ƙofa ga waɗansu cututtuka, don haka ba a yi wa yara wannan dashe. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne yadda za a ɓoye sababbin tsibiran daga dakarun, ko ta sa su cikin ɗan kwanso, ko ta sauya halittarsu yadda dakarun ba za su gane su ba.