Taron da ya ba mai gigin tsufa kujera

Jama'a, 21 ga Satumba ita ce ranar tunawa da masu cutar mantuwa ta duniya, tun 1994 ake yin ta. Mu a nan gigin tsufa muke ce mata, daga nan sai mu ja bakinmu mu yi shiru. Ga wani ɗan tarihi da na so a ce na sani tun Baba yana raye.

A 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya riƙa zama da ita yana yi mata tambayoyi yana rubuta amsoshinta. Ya tambaye ta sunan mijinta, sai ta faɗi nata. Da ta rasu a 1906 ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya ga ɓarnar da ciwon ya yi a ciki, a 1910 kuma aka sa wa cutar sunansa. Kun ga ke nan sama da shekara ɗari da sanin cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ne ke kamuwa da shi ba.

To amma ilimin ya daɗe a hannun likitoci kawai. Sai a 1979 a Birtaniya, da 1980 a Amurka, aka kafa manyan ƙungiyoyin tallafa wa iyalan masu cutar. Masu jinya suka samu inda za su kai kukansu. Shi kuwa mai ciwon, yawanci a gida ake barin sa, a je a yi magana a kansa.

Wanda ya sauya wannan shi ne Bère Miesen, masanin halayyar tsofaffi a ƙasar Holand. Ya lura cewa har tsakanin miji da mata ba a ambaton ciwon. Shi yana ɓoye mantuwarsa, ita tana yi kamar ba ta gani ba, kowa da tsoronsa a ciki. A watan Satumba na 1997 ya kira taro a wani ɗakin lacca na Jami'ar Leiden, ya sa masa suna Alzheimer Café. Sau ɗaya a wata ake haɗuwa. A fara da gaisawa da shan gahawa, sai a yi hira da likita ko mai jinya ko mai ciwon kansa a gaban kowa, a huta a ji kiɗa, sannan a amsa tambayoyi. Mai ciwon yana zaune, da shi ake maganar.

Abin ya fi amfani ga wanda ciwon bai yi nisa ba. A wannan matakin mutum ya san wani abu na damunsa, kuma yana da sauran hankalin da zai faɗi wanda yake so ya kula da shi, ya bayyana bashin da ke kansa, ya yi wasiyya. Mai jinya kuma ya koyi cewa maimaita tambaya sau goma ba neman fitina ba ne, kuma yi masa gardama ƙara rikita shi yake yi.

Tsarin ya shiga Ingila a 2000, ya isa Amurka a 2008, Japan kuma ta sa shi cikin shirin gwamnatinta na 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Wato har da mu.

Lokacin da Baba ya fara rikita raka'o'in salla, yana neman hularsa tana kansa, wallahi abin da muka yi shi ne hana shi zama a zaure don kada baƙi su gani. A gabansa muke shawara a kansa kamar ba ya nan. Ƙanwata ta yi shekara huɗu tana jinyarsa, ni ina ofis ina tura kuɗi, ban taɓa tambayar ta yadda take ji ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar. Amma akwai abubuwan da ke kama da ita waɗanda ake magancewa, irin su ƙarancin bitamin B12 da ciwon damuwa, don haka a fara da ganin likita. Zaman kuwa ba ya buƙatar wani babban kuɗi: zaure, tabarma, shayi, da ma'aikacin lafiya guda bayan la'asar. In akwai mai irin wannan jinya a cikinku, ya yi mini magana ta akwati, mu ga ko za mu fara ko da gida biyar ne.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba masu jinya haƙuri da lada.