Abin da ake yankewa daga albashi: daga ina ya samo asali?

Ya kai mai karatu, in kana aikin albashi a Birnin Ƙonni ko Malbaza, ɗauko takardar albashinka ta ƙarshen wata ka duba. Za ka ga layin da aka rubuta CNSS, an rage maka wani abu. Mutane da yawa suna ɗaukarsa haraji ne. Ba haraji ba ne, zubin fansho ne, kuma ma'aikata ne suka nemi tsarin da kansu.

Zamanin Nasara, lebura ba shi da kome sai ladan ranar da ya yi aiki. In ya karye, gida. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka tafi yajin aiki. Ran 15 ga Disamba na shekarar aka kafa dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mallaka. Daga nan, a 1956, aka fara biyan kuɗin iyali ga ma'aikatan kamfanoni. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa asusun CNSS a 1965, aka ƙara fansho na tsufa a 1967. A cikin shekarun nan ne kamfanin siminti na Malbaza ya fara aiki, ɗan manomi ya koma mai jiran ƙarshen wata.

To, nawa ake zubawa? Shekara da shekaru ma'aikaci 1.6 bisa 100 kaɗai yake bayarwa, mai ba da aiki 15.4. Kaso mafi tsoka, 11, na kuɗin iyali ne, don a lokacin masu ritaya ba su da yawa. Sannu a hankali matasan jiya suka tsufa, masu karɓa suka yawaita, abin da ke shigowa ya kasa. Wajen 2010 aka gyara lissafin: kason ma'aikaci ya tashi zuwa 5.25. Lura da nan. Mai ba da aiki ya tsaya a kan 15.4 ɗinsa, an dai rage daga kuɗin iyali da na haɗarin aiki an mayar wajen fansho. Ma'aikaci ne ya fara jin nauyin a aljihunsa. Sai daga baya aka ƙara wa mai ba da aiki kashi 1.

Ga yadda ƙa'idar take a 2023: ma'aikaci 5.25, mai ba da aiki 16.4, wato 8.4 na iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho. Mai albashin sefa 100,000 ana yanke masa 5,250, maigidansa ya ɗora 16,400. Akwai kuma iyaka: ba a lissafa abin da ya haura 500,000 a wata. Mai ɗaukar 500,000 da mai ɗaukar miliyan duk 26,250 suke bayarwa. A ganina wannan rangwame ne ga babba, ko da yake shi ma fanshonsa a kan iyakar za a lissafa.

Yanzu fa leƙa kasuwar Ƙonni. Manomin albasa na Galmi, da mai fatauci zuwa Sakkwato, da ɗan ci-rani na Illela da ya tafi Abijan, da mai kabu-kabu, ba wanda ke da takardar albashi. Sun fi ma'aikata yawa nesa ba kusa ba, amma tun asali ba dominsu aka ɗinka rigar ba. Wanda ya taɓa aikin albashi ya bari yana iya ci gaba da zubin fansho don kansa, sai dai kaso biyun duka shi zai ɗauka. Sauran kuwa tsufansu yana kan ƴaƴa, da rumbu, da adashi, da ƴan bisashen da ke turke.

Kai da ke ciki, yankewa daban, kaiwa daban. Akwai mai gidan da zai rage kuɗin a takarda, ya riƙe a hannunsa. Ka nemi lambarka ta CNSS, ka je ofishinsu a duba maka watannin da aka zuba da sunanka, tun kana da sauran shekaru kafin ka kai 60.