Tashe, Wasan Yaran Daura Tun Kafin Boko

Tun kafin a rataya labule a wata makaranta a ƙasar Daura, yara suna da wasan kwaikwayonsu mai kiɗa da waƙa, kuma a cikinsa muka tashi. Azumi na cika kwana goma, da an sha ruwa an idar da asham, sai 'yan tashe su fito. Kayan wasa ba sai an je kasuwa ba. Auduga a haɓa ta zama gemun tsoho, baƙin tukunya a fuska, a ɗaure kara ya zama dokin Danda, tsohon gwangwani ya zama ganga. Maza su tsaya ƙofar gida da Jatau Mai Magani ko Macukule, 'yan mata su shige har tsakar gida da Samodara ko Mairama da Daudu.

Abin da har yau yake burge ni shi ne tsarin. Ga mai bayarwa, ga 'yan amshi, kowa ya san inda zai shigo, alhali babu malami, babu takarda. Ƙane a wurin yayansa yake ɗauka, shekara na zagayowa ya karɓi ganga.

Idan aka kwatanta, a Jamus, a 1893, Engelbert Humperdinck ya mayar da tatsuniyar Hansel da Gretel wasan da ake rerawa, manya na yi, yara na kallo. Mu kuwa yara ke yi, manya ke kallo, a yi wa dattijo shaguɓe, ya yi dariya, ya sa a ɗebo gero.

Da boko ya zo, wasa ya shiga aji. A 1930 R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays, a 1949 Abubakar Tunau ya biyo da Wasan Marafa. Sun yi amfani, amma a ganina amshi da ganga a waje aka bar su.

Ga shi kuma labarin da ya fi kowanne dacewa da tashe yana hannunmu: macijiyar Kusugu da ta hana ɗiban ruwa sai Juma'a, wuƙar maƙeran Gaya, Bayajidda, Sarauniya Daurama. Malaman firamare na Daura, ku miƙa wa 'yan tashen unguwanninku wannan labari su sa masa waƙa, a nuna shi lokacin Sallar Gani.