Tukunyar Giya da Iyakokin Doka a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Akwai sana'o'in da tarihi yake ambato da alfahari, kamar rini da jima da saƙa, akwai kuma waɗanda yake ratsawa da sauri yana kau da kai. Dafa giya a gida tana cikin kashi na biyu. Amma duk wanda ya bi sawunta zai tarar cewa tun daga 1804 kowace hukuma da ta mulki ƙasar nan sai da ta shata mata iyaka, kuma inda aka ja iyakar yakan nuna wanda ake ɗauka ɗan gari da wanda ake ɗauka baƙo.

Sana'ar da yadda ake koyonta

A Ingila an soke lasin dafa giyar gida a 1963, Amurka kuma ta halatta ta a 1978. Daga nan sabon shiga yakan sayi gwangwanin ruwan tsiron sha'ir da ƙullin yisti da takardar bayani, ya haɗa a ɗakin girkinsa. A ƙasar Hausa kuwa sana'ar mata ce, kuma yarinya takan koye ta ne a gindin murhun uwarta. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro cikin kwana uku zuwa huɗu, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sa'an nan a zuba mata ragowar tsohuwar giya. Tsiron nan shi ke mai da garin dawa ya zama zaƙi, ragowar kuma ita ke mai da zaƙin ya zama abin sa maye. Wannan ita ce burukutu, 'yar'uwarta kuma fito. Ba ta ajiyuwa fiye da 'yan kwanaki, saboda haka inda aka dafa ta, nan ake shanye ta.

Abin lura shi ne, kunun zaƙin da ake sha a unguwannin Sakkwato irin su Gidan Dahala, shi ma daga hatsi yake, sau da yawa har da tsiro. Abin da ya raba halal da haram a nan kwana ɗaya ne ko biyu a cikin randa.

Zamanin Daular Usmaniyya

A wurin Maguzawa da Arna giya tana da gurbi a noma da ibada. Da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake bikin aure, ita kuma ake zuba wa iskoki. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka kuma kafa birnin Sakkwato a 1809, sai fiƙihun Malikiyya ya zama dokar ƙasa, wanda a cikinsa haddin Musulmin da ya sha abin maye bulala 80 ne. To amma Maguzawan karkarar Kano da Katsina da Zazzau an bar su bisa al'adarsu muddin suna biyan jizya. Ta haka tukunyar giya ta fita daga cikin ganuwa, ta zama alamar da ake bambanta gidan Bamaguje da na Musulmi, alhali harshensu ɗaya ne, gonarsu ma iri ɗaya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya tarar da ita tana nan daram a rayuwarsu.

Zamanin Turawa

Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Lugard ya kama wannan, ya mai da Arewa yankin hani, domin hakan ya dace da bukatarsa ta samun haɗin kan sarakuna bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903. Sai dai dokar ta zo da ƙofofi. Bature yana shan tasa a barikinsa, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikatan Kudu suka yi yawa, aka keɓe musu Sabon Gari. Iyakar da a da take tsakanin birni da ƙauye, yanzu ta dawo bakin ganuwa. Har harshe ya riƙe wannan tarihi, domin kalmar “ɗan bariki” ta tashi daga ma'anar mazaunin kusa da Turawa ta koma ma'anar wanda ya saki tarbiyyar gida.

Daga 'yancin kai zuwa Shari'a

Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗora haramcin a kan addinin mai sha: laifi ne ga Musulmi, ba laifi ba ne ga wanin Musulmi. A wannan zamani ne giyar kwalba ta bunƙasa. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai manyan kamfanoni suka koma kan dawa, wato hatsin da matan karkara suka daɗe suna sarrafawa. Daga bisani Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, Sakkwato ta bi a 2000, har jihohi 12 suka shiga, cinikin giya kuma ya ja jiki ya koma kasuwannin barikin soja da bayan gari.

Kammalawa

Hukumomi huɗu ke nan, kowace da iyakarta: ta addini, ta unguwa, ta mutum, ta jiha. Babu wadda ta fasa tukunyar. Kowace gusar da ita ta yi. Waɗanda suka fi jin nauyin gusarwar su ne matan da da kuɗinta suke ciyar da 'ya'ya, kuma su ne waɗanda tarihi bai rubuta sunayensu ba.