John Cameron: Likitan da bincikensa ya sauya tiyatar ciwon dajin pankiriyas

Farfesa John L. Cameron, likitan fiɗa ne ɗan Amurka wanda ya yi rayuwar aikinsa a Asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a Jihar Maryland. An san shi da aiki guda ɗaya, wato tiyatar Whipple, wadda ake yi domin cire ciwon daji daga kan pankiriyas. Ya yi ta fiye da sau 2,000. A shekarun da ya soma aiki, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu da aka yi wa wannan tiyata ba ya fita daga asibiti da rai. A hannunsa adadin ya sauko ƙasa da kashi 2 cikin 100.

Pankiriyas gaɓa ce mai tsawon kimanin santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Mutane da yawa, har da wasu masu fassara labarai, suna kiran ta saifa, alhali saifa gaɓa ce dabam mai aiki dabam. Pankiriyas tana samar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, kuma ita ke samar da sinadarin insulin mai daidaita suga a jini. Kanta yana manne da farkon ƙaramin hanji, kuma bututun da ke kwaso ɗaci daga hanta yana ratsawa ta cikinsa. Saboda haka ba a iya cire kan shi kaɗai. Likita kan cire shi tare da farkon hanjin, da madaciya, da ƙarshen bututun ɗaci, wani lokaci har da wani yanki na tumbi. Daga nan sai ya ɗinke ragowar pankiriyas, da bututun ɗaci, da tumbi, kowanne a jikin hanji. Ɗinkin pankiriyas shi ne mai hatsari, domin ruwanta mai narkar da nama ne, idan ya yi yoyo a cikin ciki sai ya shiga cin jikin mai shi.

Asalin tiyatar

Ba Cameron ne ya ƙirƙiro ta ba. Bajamushe Walther Kausch ya yi irinta a 1909. Sunan da ta ɗauka na Allen Whipple ne, likitan New York wanda aka haifa a garin Urmia na Iran a 1881. Shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin majinyata uku a 1935, suna raba aikin gida biyu, sannan a 1940 ya yi shi a zama ɗaya. A duk rayuwarsa sau 37 ya yi ta.

Bayan Whipple, aikin ya yi baƙin suna. A 1970 wani fitaccen likita na Cleveland, George Crile ƙarami, ya rubuta cewa ya fi alheri a buɗe wa ɗaci wata hanya a bar ciwon a inda yake, tun da masu mutuwa saboda tiyatar sun yi yawa, masu warkewa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ra'ayin ya samu karɓuwa, kuma bisa alƙaluman wancan zamani yana da hujja.

An haifi Cameron a 1936 a Jihar Michigan. Ya yi digirin farko a Jami'ar Harvard, ya kammala karatun likita a Johns Hopkins a 1962, ya yi tiyatar Whipple ta farko a 1969. Daga 1984 zuwa 2003 shi ne shugaban sashen fiɗa na asibitin, kuma a wannan muƙami ya tattara masu wannan cuta wuri guda, ƙarƙashin tawaga ɗaya ta likitoci da ma'aikatan jinya da masu ba da maganin barci, suna maimaita aiki ɗaya mako bayan mako.

Abin da ya wallafa

Mafi yawan tasirinsa ya fito ne daga ƙidaya. Kalmar da ta fi maimaituwa a kan takardunsa ita ce "a jere", ma'ana an lissafa kowane majinyaci bi da bi, ba a tsame waɗanda aiki ya yi kyau a kansu an ɓoye sauran ba. A 1993 ya wallafa a mujallar Annals of Surgery sakamakon tiyata 145 a jere ba tare da mutuwa ko ɗaya ba. A 1997 tawagarsa, da Charles Yeo a kan gaba, ta fitar da sakamakon guda 650, inda mace-mace suka tsaya a kashi 1.4 cikin 100.

Takardar 2006 na cikin waɗanda aka fi ambato. Ta ƙunshi tiyata 1,000 da shi kansa ya yi tsakanin 1969 da 2003. Tsawon aikin ya ragu daga kusan awa tara a shekarun 1970 zuwa awa biyar da rabi. Kwanakin jinya bayan aiki sun ragu daga 17 zuwa 9. Kashi 1 cikin 100 ne suka rasu. Ya cike ta 2,000 a shekarar 2012, ya wallafa sakamakon a 2015 tare da Jin He, adadin mace-mace kashi 1.4 cikin 100.

Sai dai a takardar 2006 ɗin akwai wani adadi da masu yabo kan tsallake. Cikin mutum 405 da aka cire wa ainihin ciwon dajin kan pankiriyas, kashi 18 cikin 100 kawai suka kai shekara biyar da rai. Inda ciwon bai kai ga kaluluwa ba, adadin ya kai kashi 32. Inda kuma bai kai kaluluwa ba kuma aka cire shi tas, kashi 41. Tiyatar ta daina kisa, amma cutar tana dawowa ga mafi yawan waɗanda aka yi wa ita, kuma tazarar da ke tsakanin 18 da 41 tana nuna amfanin gano ta da wuri.

Tawagar ta kuma gwada wasu al'adun ɗakin tiyata ta hanyar raba majinyata rukuni biyu da ƙuri'a. A 1993 ta nuna cewa maganin erythromycin yana rage jinkirin saukar abinci daga tumbi bayan aiki. A 2000 ta nuna cewa allurar octreotide, mai tsada, ba ta rage yoyon ɗinki a majinyatanta ba. A 2002 ta nuna cewa faɗaɗa aikin domin kwashe ƙarin kaluluwa yana ƙara wahalhalu ba tare da ƙara tsawon rai ba. Biyu daga cikin ukun nan sakamako ne na "a daina", irin wanda ke rage wa iyalan majinyaci kashe kuɗi.

Baya ga takardun bincike, shi ne editan littafin Current Surgical Therapy, wanda ya fara fitowa a 1984 kuma ake ta sabunta shi, likitoci masu neman ƙwarewa a ƙasashe da yawa suna shirin jarrabawa da shi. Ya shugabanci Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Amurka a 2008 zuwa 2009. Almajiransa sun watsu: Charles Yeo ya shugabanci sashen fiɗa a Jami'ar Thomas Jefferson da ke Philadelphia, Keith Lillemoe kuma a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston. Tarin naman da ake cirewa a ɗakin tiyatarsa ya zama kayan aikin masu binciken ƙwayoyin halitta na jami'ar, irin su Ralph Hruban da Scott Kern, kuma a ɗakin binciken Kern ne aka gano ƙwayar gado ta DPC4 a 1996, wadda kan lalace a kusan rabin masu wannan ciwo.

Darasin Maryland

Binciken da ya fi shafar masu tsara harkar lafiya ya fito a 1995. An duba bayanan asibitocin Jihar Maryland daga 1988 zuwa 1993, aka ga cewa a asibitin da ke yin tiyatar da yawa kashi 2.2 cikin 100 ke mutuwa, a masu yin ta jefi-jefi kuwa kashi 13.5. Jinya a babban asibitin ta fi gajarta, kuɗin ma ya fi sauƙi. Ana iya cewa masu binciken gidansu suke yaba, amma a 2002 John Birkmeyer da abokansa, waɗanda ba 'yan Johns Hopkins ba ne, suka duba bayanan Amurka baki ɗaya, suka samu kashi 16.3 a asibitoci mafi ƙarancin aiki da kashi 3.8 a mafi yawan aiki. Ƙasashe irin su Ingila da Holand sun taƙaita wannan tiyata ga zaɓaɓɓun cibiyoyi.

Bambancin bai tsaya ga hannun likita ba. Matsaloli bayan wannan aiki ba sa ƙarewa ko a ina ne. Abin da ke raba asibitoci shi ne wanda ke lura da zazzaɓi ko zubar jini da tsakar dare, da samun jini a ma'ajiya, da ɗakin kulawa ta musamman, da na'urar hoto mai aiki a lokacin da ake buƙatarta.

Daga Gaya zuwa Kano

Ga mutumin Gaya ko Ajingi, ma'anar wannan bincike ita ce ba a neman kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya iya tiyatar Whipple. Abin da ake nema a Babban Asibitin Gaya da takwarorinsa na ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano shi ne gane alama da tura majinyaci da wuri, ta hanyar Wudil zuwa cibiya irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda ake da ƙwararrun likitocin fiɗa.

Alamar farko sau da yawa shawara ce, kuma nan gizo ke saƙa. A ƙasar Hausa shawara cuta ce sananniya da ake da jiƙe-jiƙenta, kuma galibinta daga ciwon hanta ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila. Amma idan ta zo wa dattijo tare da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, da bayan gida fari-fari, da ƙaiƙayin jiki, da rama, alama ce ta toshewar bututun ɗaci. Tsakuwar madaciya na iya jawo haka, ciwon daji ma na iya jawowa, kuma sikanin ciki kan nuna ko bututun ya kumbura. Ciwon saman ciki mai ratsawa zuwa baya, da ciwon suga da ya bayyana kwatsam bayan shekara 50 tare da rama, su ma abin bincike ne. Shan taba na cikin manyan abubuwan da ke ƙara hatsarin kamuwa.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 mutum kimanin 511,000 suka kamu da wannan cuta a duniya, kimanin 467,000 suka rasu. Ko a ƙasashe masu arziki, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne kawai ake samu a matakin da za a iya cire ciwon. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da na mama, da na bakin mahaifa, da na 'ya'yan mafitsarar maza, wato furosteti.

Ga waɗanda ciwon ya wuce cirewa, tawagar Cameron ta bar bincike biyu, dukansu Lillemoe ya jagoranta. Na 1993 ya nuna cewa allurar sinadarin alkohol a tarin jijiyoyin da ke bayan pankiriyas yayin tiyata tana rage zafin ciwo ƙwarai. Na 1999 ya nuna cewa haɗa tumbi da hanji tun kafin toshewa ta zo yana hana majinyaci komawa ɗakin tiyata saboda amai. Dukan ayyukan biyu ba sa buƙatar na'ura mai tsada, kuma likitan fiɗa da ya samu horo yana iya yin su a lokacin da ya buɗe ciki domin sama wa ɗaci hanya.