Yadda aka tuɓe wa kwalin sigari kwalliya

 Yau tarihin kwalin sigari muka kawo muku, da irin rigimar da aka sha a kansa.

Da ƙasashe suka fara hana tallan taba a rediyo da telebijin da allunan bakin hanya, sai kamfanoni suka koma ga abin da ya rage musu, wato kwalin kansa. Launi mai ƙyalli, tambari, rubutu mai ɗaukar ido: duk wanda ya fito da kwali daga aljihu ya yi musu talla kyauta, kuma matasa ne suka fi kamuwa. Shi ya sa tun 1989 wata hukumar gwamnati a Niyu Zilan ta ba da shawarar a sayar da sigari cikin kwali marar ado. Majalisar dokokin Kanada ta duba batun a 1994, amma bai kai ga zama doka ba.

Ostiraliya ce ta fara aikatawa. Majalisarta ta amince da dokar a 2011, lokacin Nicola Roxon na ministar lafiya, dokar kuma ta fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Disamba 2012. Daga ranar, kowane kwali launinsa ɗaya, wani ruwan ƙasa mai duhu da aka zaɓa don binciken da aka yi ya nuna shi ne mutane suka fi ƙyama. Babu tambari. Sunan sigarin da ƙananan haruffa iri ɗaya ake rubuta shi. Hoton cuta da gargaɗi sun cinye kashi 75 cikin 100 na gaban kwalin da kashi 90 na bayansa.

To, kamfanoni ba su zauna ba. British American Tobacco da Japan Tobacco da wasunsu suka kai ƙara babbar kotun ƙasar, suna cewa an ƙwace musu dukiya, wato tambarinsu. Kotu ta kori ƙarar a watan Agusta 2012. Philip Morris ya bi ta wata yarjejeniyar zuba jari tsakanin Ostiraliya da Hong Kong, shi ma aka yi watsi da tasa a Disamba 2015. Honduras da Kuba da Indunusiya da Jamhuriyar Dominika suka kai kuka ƙungiyar kasuwanci ta duniya, OMC. Nan ma Ostiraliya ta yi nasara a 2018, aka tabbatar da hukuncin a 2020. Mu dai abin da muka lura: da kwalin ba ya jawo ciniki, wa zai yi shekara takwas yana biyan lauyoyi a kansa?

Shin dokar ta yi amfani? Bitar da gwamnatin Ostiraliya ta fitar a 2016 ta ƙiyasta cewa cikin kusan shekara uku sabon kwalin ya rage masu shan taba da mutum wajen 108,000, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na duk raguwar da aka samu a lokacin. Sauran ya zo daga wasu matakai irin su ƙarin haraji. Ke nan kwalin ya taimaka, amma tare da sauran matakai ya yi aiki. Faransa da Ingila sun bi sawu a 2017, tsibirin Moris kuma ya zama na farko a Afirka a 2023.

Mu a Nijar mun amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, a 2005, muna kuma da dokarmu tun 2006. Sai dai akwai abin dubawa. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, da yawa kara ɗaya ko biyu suke saye wurin mai tebur. Yaron da ya sayi kara bai riƙe kwali ba, balle ya ga hoton da ke kai. In ana son a ci riba irin ta Ostiraliya, sai an haɗa gyaran kwali da batun sayar da kara-kara, da haraji, da sa ido kan sigarin sumogal da ke ƙetaro iyaka. OMS ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wasu ne suka shaƙa. Allah ya kare mana ƴaƴanmu.