Tsibiri a Kan Tudu: Daga Kazaure Zuwa Ƙofar Gidanmu

Duk wanda ya dubi taswirar Jihar Jigawa zai ga wani yanki a arewa maso yamma da ya yi kamar an rataye shi. Masarautar Kazaure ke nan, da ƙananan hukumominta huɗu: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Kano da Katsina sun kusa rufe ta ruf, sai ɗan wuyan da ya haɗa ta da sauran jihar ta wajen Ɓaɓura.

Asalin abin tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo ne, wanda ya hau gadon sarauta a 1819. Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka gwabza, daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince Kazaure ta ci gashin kanta. Da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro Jigawa a 1991, sai aka bi tsohuwar iyakar masarautar. Ga shi yau mutumin Kazaure mai neman takarda a Dutse, galibi sai ya ratsa ta Kano. Takardar shaidarsa ta Jigawa ce, amma cinikinsa da yawancin huldarsa Kano suka fuskanta.

A can nahiyar Asiya lamarin ya fi haka tsanani. Kafin 2015 akwai yankunan Indiya 111 a cikin Bangaladash, da na Bangaladash 51 a cikin Indiya. Mazaunansu sun shafe shekaru kusan 70 ba asibitin gwamnati, ba lantarki, domin hukumarsu tana bayan iyaka. Da aka yi musayar yankunan, aka ba mutum fiye da 50,000 zaɓi: su zauna su karɓi sabuwar ƙasa, ko su ƙaura. Waɗanda suka ƙaura ba su kai 1,000 ba. A ganina, gona da kushewar iyaye ne suka rinjayi tuta.

'Yan uwa mazauna birane, mu ma iyaka ta taɓa tsallake mu muna zaune. A 2019 dokar Jihar Kano ta sanya Gwarzo da Kabo, har da mu mutanen Kara, ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ƙaraye. A watan Mayun 2024 aka soke dokar, muka koma Masarautar Kano. Da aka sake kafa Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu a watan Yulin shekarar, Ƙaraye da Rogo kaɗai aka ba ta.